Hazon 1960 da Ɓerayen da Aka Ƙirga

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Dutsinma, daidai Batagarawa, da sassafe cikin watan Fabrairu, ya san abin da hazo ke yi wa gari. Motocin da ke kai ɗalibai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya sukan kunna fitila har hantsi, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, mai shayi ya rufe burodinsa da leda amma duk da haka ka ji ƙasa a haƙori. Mun saba. Ba mai tsayawa ya tambayi daga ina wannan ƙura ta taso, ko me ta ɗauko a hanya. Amma an yi shekarar da aka yi wannan tambaya da babbar murya, har ta kai ga korar jakada daga Legas.

Ranar Asabar 13 ga Fabrairu, 1960, azumi saura kamar mako biyu, Sarkin Katsina Usman Nagogo yana kan gado, Najeriya kuma saura wata bakwai da 'yan kwanaki ta karɓi mulkin kai, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko. Ba a ƙasarta ta yi ba. A hamadar Aljeriya ta yi, kusa da wani gari mai suna Reggane, wanda tsakaninsa da Katsina kimanin kilomita 1,700 ne idan aka miƙe. Ƙarfin bam ɗin ya kai na tan 70,000 na nakiya, wato ya ninka wanda aka jefa wa Hiroshima sau huɗu. Sojojin Faransa sun raɗa masa suna Gerboise Bleue. Gerboise wani ɗan ɓeran hamada ne mai dogayen ƙafafun baya, mai tsalle kamar fara. Mu a nan Katsina da za a nuna mana shi, kusu za mu ce. Mai karatu ya riƙe wannan suna, domin ɓera zai sake dawowa cikin labarin nan, kuma ba ɗaya ba.

Tun kafin ranar an yi ta jan kunnen Faransa. A watan Nuwamba na 1959 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi ta fasa. Daga Accra wasu masu zanga-zanga, 'yan Afirka da Turawa da baƙaƙen Amurka irin su Bayard Rustin, suka hau motoci da niyyar su je su zauna a filin gwajin, sai jami'an Faransa suka tare su a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, suka mayar da su. Bayan fashewar, Kwame Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa da ke Ghana. Faransa ba ta ko waiwaya ba. Ta tayar da na biyu ranar 1 ga Afrilu, na uku ranar 27 ga Disamba. A nan ne haƙurin gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ƙare: ranar 5 ga Janairu, 1961 aka ba jakadan Faransa, Raymond Offroy, awa 48 ya tattara nasa ya nasa, aka kuma hana jiragen ruwa da na saman Faransa tsayawa a Najeriya. Mutumin da ake yi wa kallon mai sanyin hali, shi ya yi abin da masu zafin baki ba su yi ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Agadas, waɗanda suka fi mu kusa da wurin, ba su da bakin magana a lokacin bam na farko, don Nijar ba ta samu 'yanci ba sai watan Agusta na wannan shekara.

To me ake tsoro? Ba wanda ya zaci wuta za ta ci Katsina daga Aljeriya. Abin da ke bakin 'yan siyasa da jaridu shi ne burɓushin da iskar hunturu za ta kwaso, ya sauka a rijiya da gona da nonon shanu, ya shiga jiki, sannan ya ɓata zuriya. Wato ba mu kaɗai ba, har 'ya'yan da ba a haifa ba da jikokinsu. Wannan tsoro ba a kasuwa aka ƙirƙiro shi ba. Daga ɗakin bincike ya fito, kuma yana da tarihi.

Kowane ɗan Adam yana ɗauke da littafi biyu a cikin kusan kowace ƙwayar jikinsa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Kowanne yana da haruffa kusan biliyan 3, kodayake haruffan iri huɗu ne kacal ake ta jujjuyawa. Wannan shi ne abin da yau ake kira DNA, su kuma babobin da ke cikinsa su ne ƙwayoyin gado. Duk haihuwa sai an kwafi littafin. Malaman da suka kwafi littattafan fiƙihu da hannu a Katsina tun zamanin Ɗan Marina da Ɗan Masani sun san cewa komai ƙwarewar mai kwafi, ba a rasa tuntuɓen alƙalami. Haka nan jiki. A yau an ƙirga: kowane jariri yana zuwa da sababbin tuntuɓe kamar 60 zuwa 70 waɗanda babu su a jinin uwarsa ko na ubansa, mafi yawansu daga wajen uba, kuma suna ƙaruwa gwargwadon shekarun uban. Galibinsu ba sa yin komai. Jifa-jifa ɗaya kan faɗa a wurin da bai kamata ba.

A 1927 wani Ba'amurke mai suna Hermann Muller ya haska ƙananan ƙudajen nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, sai ya ga tuntuɓen ya ninku ninkin ba ninkin a cikin 'ya'yansu. Ashe abin da ake zaton ba mai iya taɓa shi, haske mai ratsa jiki yana taɓa shi. An ba Muller lambar Nobel a 1946, shekara ɗaya bayan Hiroshima, kuma ya yi amfani da damar ya ce babu wani adadin wannan haske da za a kira maras lahani ga zuriya. Sai dai ƙuda ƙuda ne. Gwamnatin Amurka, da ke da dubban ma'aikata a masana'antun bam, tana son amsa daga dabba mai jini da nono irin namu.

Nan ɓera ya shigo. A 1947 aka ɗauko William Russell, haifaffen Ingila, da matarsa Liane, wadda iyayenta suka gudo da ita daga Vienna saboda 'yan Nazi, aka kawo su Oak Ridge a jihar Tennessee, garin da aka tace yuraniyam ɗin bam ɗin Hiroshima. Aka ba su wani tsohon gini, suka cika shi da keji. Da tafiya ta yi tafiya gidan ya riƙa ɗaukar ɓeraye sama da 200,000 a lokaci guda, adadin da ya fi mutanen birnin Katsina na wancan zamani nesa ba kusa ba. Akwai masu wanke keji, masu zuba abinci, masu rubuta ranar haihuwa da sunan uwa da uba na kowane ɗan ɓera.

Dabarar da Russell ya yi tana da sauƙin ganewa ga duk wanda ya taɓa zuwa gwajin jini kafin aure. Mun san AA da AS da SS. Mun san mai AS lafiyarsa ƙalau, domin A ɗin da ya gada daga ɓangare ɗaya ya rufe S ɗin ɗaya ɓangaren. To Russell ya haɗa wani irin ɓera da yake kamar SS a wurare bakwai daban-daban, kuma duk bakwai ɗin abubuwa ne da ido ke gani: shida sun shafi launin gashi da ido, kamar ruwan ƙasa, da kodaɗɗe, da dabbare-dabbare, da jan ido, na bakwai kuma gajeren kunne. Sai ya ɗauki maza lafiyayyu, masu kamar AA a duk wuraren bakwai, ya haska su, ya haɗa su da waɗancan mata. A ƙa'ida duk ɗan da aka haifa ya kamata ya fito da kamannin ubansa, tunda kyakkyawan kwafin uban zai rufe na uwar. Idan kuwa aka ga ɗa ya fito da gajeren kunne ko jan ido, to kwafin uban ne ya lalace a daidai wannan wuri. Ba sai an yanka ba, ba sai an sa madubin likita ba. Ma'aikaci ya ɗaga ɗan ɓera, ya dube shi daƙiƙa biyu, ya ajiye, ya ɗauki na gaba. A lokacin ko siffar DNA ba a gano ba, sai 1953.

A 1951 ya fitar da sakamakon farko. Cikin 'ya'ya kusan 48,000 da aka haska ubanninsu, sama da 50 sun fito da alama. Cikin kusan 38,000 da ba a taɓa ubanninsu ba, 2 kacal. Ya kuma lissafa cewa ɓera ya fi ƙuda saurin lalacewa kamar sau 15. Wannan adadi ya girgiza mutane. Shi ne ya shiga rahoton da masana kimiyyar Amurka suka fitar a 1956, wanda Muller da Russell duk suna cikin kwamitinsa, daga nan ya shiga rahotannin kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan tururin nukiliya, daga nan ya shiga jaridu. Lokacin da 'yan majalisa a Legas da Kaduna suke maganar zuriya a 1959 da 1960, ko sun sani ko ba su sani ba, da bakin ɓerayen Tennessee suke magana.

Amma akwai abin da jarida ba ta cika ɗauka ba. Hasken da aka zuba wa waɗannan ɓeraye ya kai na hoton ƙirji kamar 60,000 a zama ɗaya, adadin da zai iya kashe mutum idan ya ratsa dukkan jikinsa. Sannan a 1958 Russell da matarsa da abokiyar aikinsu Elizabeth Kelly suka gano wani abu da ya ci karo da koyarwar Muller. Idan aka ba ɓera wannan adadi a hankali, kaɗan-kaɗan cikin makonni, lalacewar takan ragu zuwa kamar kashi ɗaya cikin uku. Ma'ana jiki yana da masu gyara, kamar malamin da ke bin bayan ɗalibi yana duba kwafinsa. Idan ɓarnar ta zo da yayyafi sukan cim mata, idan ta zo da ambaliya ta fi ƙarfinsu. Muller bai ji daɗin wannan labari ba, amma bai iya ƙaryata shi ba.

Ita kuwa Liane Russell, nata aikin ya fi na mijin shiga rayuwarmu ta yau da kullum. Ta haska ɓeraye masu ciki a ranaku daban-daban, ta ga kowace rana da irin nakasar da take jawowa, kuma kwanakin da suka fi haɗari su ne na farko-farko, lokacin da ake ƙera gaɓoɓi. A mace 'yar Adam wannan ya yi daidai da makonnin da ita kanta ba ta tabbatar tana da ciki ba. A 1952 suka ba da shawarar cewa hoton ƙugu ko mara da ba na gaggawa ba, a yi wa mace shi cikin mako biyun da ke bin farkon al'adarta. Na taɓa raka ƙanwata ɗaukar hoton baya a wani asibiti cikin gari, ma'aikaciyar ta ja ta gefe ta tambaye ta, "Hajiya, yaushe rabonki da al'ada?" Ta fito tana ƙunƙuni wai ina ruwan ciwon baya da wannan tambaya. Ban iya ba ta amsa a ranar ba. Yanzu na san tambayar daga kejin ɓera ta taso.

Mu koma kan waɗancan 2 cikin 38,000, domin a ganina su ne zuciyar labarin. Ɗan ɓeran da haske ya lalata wa ƙwayar gado da wanda tasa ta lalace haka kawai, a ido ba su da bambanci. Gajeren kunne gajeren kunne ne. Ba ka iya nuna ɗa guda ka ce wannan aikin haske ne. Abin da kawai za ka iya shi ne ka ƙirga waɗanda aka haska, ka ƙirga waɗanda ba a haska ba, ka cire. Saboda haka rabin wahalar gidan ta tafi ne a kan ɓerayen da ba a yi wa komai ba, ana ciyar da su ana dubawa, don a san abin da Allah ke yi da ikonsa ba tare da hannun mutum ba. Bayan shekaru adadin ya tsaya a 28 cikin 531,500. A kan wannan ɗan ƙaramin lamba aka gina abin da ake kira adadin ninkawa, wato yawan hasken da zai ninka tuntuɓen da ke zuwa da kansa. A kansa kuma aka gina dokokin kare ma'aikatan nukiliya da na ɗakin hoto a duniya.

Sai a 1995 wani tsohon ɗalibin Russell, Paul Selby, yana shigar da tsofaffin takardun gidan cikin kwamfuta, ya ci karo da abin da ba a sa a lissafi ba. Wani lokaci tuntuɓen yakan faru tun uban ɓeran yana ɗan tayi na kwana ɗaya ko biyu. Shi a ido lafiya lau, amma wani kaso na maniyyinsa duk yana ɗauke da lahanin, sai shi kaɗai ya haifi 'ya'ya masu alama rututu. Tun farkon shekarun 1950 an ga irin wannan cikin ɓerayen da ba a haska ba, aka ware su gefe a matsayin abin da ya saɓa wa al'ada, ba a kuma bayyana su yadda ya kamata ba. Selby ya kai ƙara. Kwamitin da aka kafa bai kama ma'auratan da laifin maguɗi ba, amma ya yarda lissafin yana buƙatar gyara. A 1996 suka buga gyaran da kansu: tuntuɓen da ke zuwa da kansa ya ninka abin da suka faɗa a da fiye da sau biyu. Selby ya ce ya fi haka. Abin mamakin shi ne kuskuren ya ƙara wa haske laifi ne, bai rage masa ba, tunda idan abin da ke zuwa da kansa ya fi yawa, rabon da ya rage wa haske ya ƙanƙance. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan: gidan da ke da rajistar kowane ɗan ɓera, da kuɗin gwamnatin Amurka, da shekara arba'in da 'yan kai, ya yi kuskure a ƙidayar waɗanda ba a taɓa ba.

A ɓangaren mutane kuwa, abin da aka samu ya fi abin da aka ji tsoro sauƙi. James Neel da William Schull da waɗanda suka biyo bayansu sun bi 'ya'yan waɗanda suka tsira a Hiroshima da Nagasaki, yara sama da 70,000, shekara da shekaru, ba su ga ƙarin nakasar gado da lissafi zai iya tabbatarwa ba. A 2021 aka karanta littafin gadon yara 130 da iyayensu suka sha tururin Chernobyl, harafi bayan harafi, ba a ga sababbin tuntuɓe sun fi na sauran yara ba. Wannan ba ya nufin tururin nukiliya abin wasa ne. Su waɗanda ya taɓa kai tsaye sun sha sankarar jini da ta maƙogwaro da sauransu, kuma ɗan tayin da ke ciki lokacin da abin ya faru ya cutu, kamar yadda ɓerayen Liane suka nuna. Abin da bai tabbata ba shi ne gadar da lahanin ga jikoki a ma'aunin da aka zata.

Idan haka ne, burɓushin da ya iso Katsina daga nisan kilomita 1,700 ƙanƙani ne ƙwarai a kan abin da aka zuba wa ɓerayen Russell, kuma ban ga dalilin da zai sa wani ya ɗora nakasar ɗansa a kan hazon 1960 ba. Amma hakan bai wanke Faransa ba, bai kuma mayar da fushin Tafawa Ɓalewa shirme ba. A lokacin ta ce iska ba za ta kai ƙurar ko'ina ba sai cikin hamada inda ba kowa. Taswirar sojojinta da aka cire wa sirri, wadda jaridar Le Parisien ta buga a watan Fabrairu na 2014, ta nuna gajimaren ya bi ta Chadi, ya bazu a Afirka ta Yamma, kafin mako biyu ya kai gaɓar Spain da tsibirin Sicily. Kuma hamadar ba fanko ba ce, akwai dubban mutane a Reggane da zangunan Buzaye. Gwaji 17 ta yi a Aljeriya zuwa 1966. A na ranar 1 ga Mayu, 1962, dutsen da aka binne bam ɗin a cikinsa ya tsage, ƙurar ta rufe sojoji da ma'aikata har da ministoci biyu da suka zo kallo. Turawan mulki sun kafa wuraren auna ƙura a Najeriya don kwantar da hankali, amma auna ƙura daban, bin lafiyar mutane daban. Ba a buɗe wa mutanen Reggane ko na Agadas irin rajistar da aka buɗe wa na Hiroshima ba. Da Faransa ta yi dokar biyan diyya a 2010, sai ta ce mai nema ya kawo shaida. Shekara goma bayan haka, mazauna Aljeriya da suka samu ko sisi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Wani abin da ɓerayen suka bari, ba wanda ya yi tsammaninsa. Russell bai zubar da masu alamar ba, ya ci gaba da kiwon zuriyarsu. Da kayan aikin karanta DNA suka samu a shekarun 1980, aka koma kansu, sai aka ga bambancin da ido bai gani ba. Tuntuɓen da ke zuwa da kansa sau da yawa ɗan ƙarami ne, harafi ɗaya ko 'yan kaɗan, ko wani baƙon rubutu da ya kutsa tsakiyar layi. Shi kuwa haske yakan yage shafi ne, wani lokaci har da na maƙwabta. Wannan yagewa ta zama taswira. Idan kana da kwafi ashirin na littafi guda, kowanne an yage shi ta wani gefe daban, amma duk sun rasa labari ɗaya, to inda yagewar ta haɗu nan labarin yake. Da haka aka kamo ƙwayoyin gadon nan ɗaya bayan ɗaya. Ta gajeren kunne ta zama mai ba da umarnin ƙera ƙashi. Ta jan ido kuwa, a 1993 Eugene Rinchik na Oak Ridge da abokan aikinsa suka nuna cewa takwararta a jikin mutum ita ce ke haifar da nau'in zabiyancin da ya fi yawa a Afirka. Yaron nan zabiya da ke zama a bayan aji yana matse ido don ba ya ganin allo, wanda tsofaffi ke cewa uwarsa ta gamu da iska ko ta yi wanka da dare, bayaninsa yana cikin kejin ɓera mai jan ido: uwa da uba kowanne yana ɗauke da kwafi guda da ba ya aiki, yaron ya haɗa biyun. A kudanci da tsakiyar Afirka an gano yawancin zabiyoyi guntu ɗaya suka rasa, mai haruffa kamar 2,700, wanda ya ɓace a jikin wani kaka tun dubban shekaru, kafin a san wani abu wai shi bam.

Haka sikila, ko amosanin jini. Harafi ɗaya ne tak ya sauya cikin babin da ke ƙera jan jini. Binciken da Daniel Shriner da Charles Rotimi, ɗan asalin Najeriya, suka buga a 2018 ya kai asalinsa ga mutum guda da ya rayu kimanin shekara 7,300 da suka wuce, zamanin da Sahara ke da tafkuna da ciyawa. Ya yaɗu ne saboda mai AS ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi kam an taɓa ƙirga shi a ƙasar Hausa, ƙidaya ta gaske. A shekarun 1970, lokacin aikin binciken zazzaɓi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙauyukan Garki, da ke jihar Jigawa a yanzu, Alan Fleming da abokan aikinsa sun auna jinin mutane dubbai. Sun samu jarirai kusan 2 cikin 100 SS ne. Da suka duba waɗanda suka wuce shekara tara, da ƙyar ake samun ɗaya cikin dubu biyu. Sauran sun tafi, an ce wabi ne, an huda kunnen na gaba ko an sa masa sunan da zai sa ya zauna. Tuntuɓen da ya fi cin 'ya'yanmu daga hamadar ya fito, gaskiya ne, amma ya riga Gerboise da shekara dubu bakwai. Sai a 2024 jihar Kano ta mayar da gwajin jini kafin aure doka.

Inda maganar tururin nukiliya take da rai a kusa da mu yau shi ne Arlit, arewa da Agadas. Tun 1971 ake haƙar yuraniyam a can, mahaƙa ta biyu ta Akokan ta fara a 1978, kuma da yawa daga cikin leburorin da iyalansu Hausawa ne da suka hau daga Tawa da Maraɗi da Damagaram neman abinci. Wani ma'aikacin mahaƙar, Almoustapha Alhacen, da ya ga abokan aikinsa suna mutuwa da cututtukan da ba a faɗa musu sunansu, ya kafa ƙungiyar Aghir In'Man. Shi ya gayyato masu awo na wata cibiya mai zaman kanta daga Faransa a 2003. An karɓe musu manyan na'urorinsu a filin jirgin Yamai, amma da 'yan ƙananan da suka rage suka samu ƙarafan da suka fito daga masana'antar, masu fitar da tururi, a kasuwar gari inda maƙera da masu gini ke saye. Ƙungiyar Greenpeace ta je a 2009 ta samu irin wannan a kan titunan Akokan da cikin ruwan wasu rijiyoyi. Kamfanin ya sha cewa alƙaluman asibitocinsa ba su nuna cutar da aiki ya jawo ba. A lokacin asibitocin nasa ne, likitocin shi ke biyansu, kuma babu wani rukunin da aka ƙirga tun kafin a fara haƙa wanda za a gwada da shi.

An rufe gidan ɓerayen Oak Ridge. William Russell ya mutu a 2003, Liane a 2019. Kafin a rufe, an daskarar da 'yan tayin zuriyoyin da suka fi muhimmanci cikin sanyin da ya wuce na ƙanƙara, kowanne da lambarsa da tarihin kakanninsa, ta yadda mai bincike zai iya farfaɗo da jikan ɓeran da aka haska a zamanin Sardauna. Mahaƙar Akokan kuma ta tsaya da aiki ranar 31 ga Maris, 2021. Ta bar tarin dusar yuraniyam kimanin tan miliyan 20 a fili, 'yan kilomitoci daga gidajen mutane, aka kuma fara aikin rufe shi da yumɓu da duwatsu.